Sharuɗɗan ciniki a intanet: mu rubuta su da harshen da mai saye yake ji

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana da 'yan'uwana masu ƙananan sana'o'i da suka mayar da wayar hannu ta zama shagonsu, a kan wani abu da na ga muna yi masa riƙon sakainar kashi, wato rubutattun sharuɗɗan ciniki da muke liƙawa a shafukanmu, da kuma sanarwar nan ta tsame hannu wadda mai kaya yake cewa ba ruwansa da duk abin da ya biyo baya da zarar kuɗi sun shiga asusunsa.

Ni ɗan kasuwa ne, kuma a Kantin Kwari na buɗe ido da ciniki, inda na yi shekaru ina yaron shago kafin maigidana, Allah Ya saka masa da alheri, ya sallame ni da jari. Yau mafi yawan atamfa da shadda da leshin da nake sayarwa ta WhatsApp da Instagram da Facebook suke fita, zuwa ga mutanen da ban taɓa ganin fuskarsu ba a Yola da Maiduguri da Sakkwato da Abuja, har da Maraɗi da Damagaram a ƙetaren iyaka. A cikin kasuwa ba mu taɓa jin buƙatar rubuta sharaɗi ba, domin mai saye yana tsaye a gabanka, ya warware turmi da hannunsa, ya ɗaga shadda ya duba ta a hasken rana, ya taya ka ce albarka, ya ƙara ka sallama, kuma duk wannan a kan idon maƙwabcin shago da dillali. Idan rigima ta taso daga baya, akwai shugabannin layi da dattawan kasuwa da za su zaunar da ku, kuma kowa ya san inda zai sami ɗan'uwansa. A intanet babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Hoto ne kawai da lambar asusu, abin da iyayenmu suke kira cinikin biri a sama, kuma babu abin da zai sauko da birin nan ƙasa sai bayanin da mai kaya ya yi tun kafin a biya shi.

Abin da ya sa na damu da wannan magana ya faru ne a kaina. Da na nemi wani matashi ya buɗa mini shafi, sai ya ce shafin kasuwanci ba ya cika sai da sharuɗɗa, ya je ya kwafo wani dogon rubutu na Turanci daga shafin wani kantin tufafi na Amurka, ya cire sunansu ya sa nawa. Ban zauna na karanta ba, domin a zatona ado ne irin na manyan kamfanoni. A daidai wannan lokaci kuma, a saman lambata ta WhatsApp na rubuta abin da kowa yake rubutawa, cewa kayan da aka saya ba a dawo da su. Bayan 'yan watanni wata baiwar Allah daga Yola ta sayi leshin anko guda shida, aka yi mako uku sai dangin amarya suka canza kala, ta nemi in karɓi kayana. Na nuna mata abin da na rubuta. Da yamma sai ɗanta ya turo mini hoton shafina, ya ja layi a ƙarƙashin inda aka ce mai saye yana da kwana 30 ya dawo da kaya ko da babu dalili, kuma kantin ne zai biya kuɗin mota. Can ƙasa har an rubuta cewa idan saɓani ya taso, a kotun wata jiha ta Amurka za a yi shari'a. Na karɓi leshin, na biya kuɗin motar, domin alkawari kaya ne, kuma da sunana aka ɗauke shi ko da ban san an ɗauka ba. Tun daga ranar na gane cewa shafin sharuɗɗa alkawari ne da ɗan kasuwa yake yi wa duk wanda zai saya a wurinsa, don haka bai kamata mutum ya aro bakin wani ya yi shi ba.

Sai dai wancan rubutu na biyu, na cewa ba a dawo da kaya, shi ma ba garkuwa ba ne kamar yadda muke zato. Akwai dokar tarayya ta gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, kuma ita ce ta kafa hukumar FCCPC mai kula da gasa da kare haƙƙin masu saye. Sashe na 122 na wannan doka kamar domin mu masu cinikin waya aka rubuta shi, domin ya ce wanda bai sami damar duba kaya ba kafin a kawo masa, sannan ya tarar ba su yi daidai da siffar da aka yi masa ko samfurin da aka nuna masa ba, yana da ikon mayar da su cikin lokacin da ya dace a ba shi kuɗinsa cif. Sashe na 132 kuma ya ba mai saye wata uku daga ranar da ya karɓi kaya ya dawo da su idan ba su kai ingancin da doka ta shar'anta ba, a gyara masa ko a musanya ko a mayar masa da kuɗi. Sassa na 127 zuwa 129 sun hana sharaɗin zalunci da kuma duk sharaɗin da zai sa mai saye ya sarayar da haƙƙin da doka ta ba shi. Ma'ana, ko da manyan baƙaƙe ka rubuta cewa ba ka mayar da kuɗi, idan ka nuna hoton shadda mai tsada ka aika da jabu, rubutunka ba zai tsaya maka a gaban hukuma ba.

Mu Musulmi ma ba sai mun jira dokar gwamnati ta gaya mana wannan ba. Duk wanda ya zauna a zaure ya karanta babin ciniki a Risala ya san cewa a mazhabarmu ta Malikiyya an halatta sayar da abin da ba ya wurin bisa siffantawa, kuma idan ya zo yadda aka siffanta shi ciniki ya tabbata, idan ya saɓa mai saye yana da zaɓi. A wannan babi ne aka hana algus da yaudara da ɓoye aibi da cakuɗa maras kyau da mai kyau. Hadisin da Muslim ya ruwaito sananne ne, inda Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya sa hannunsa cikin tarin abinci ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. A ganina, hoton da aka ƙara wa haske har kalar atamfa ta canza, ko bidiyon da aka ɗauka ta gefen da tabo ba ya fitowa, su ne busasshen abincin da ake zubawa a sama a wannan zamani, kuma babu wata sanarwar tsame hannu da za ta wanke mai yin haka.

Kada wani ya ɗauka ina cewa mai kaya ba shi da haƙƙin gindaya sharaɗi. Yana da shi, kuma rashin gindayawar ne yake jawo mana asara. Akwai bambanci tsakanin kayan da suka zo da aibi ko suka saɓa wa siffa, da kayan da suka zo lafiya ƙalau amma mai saye ya canza ra'ayi. A na farko, karɓa wajibi ne. A na biyu, ɗan kasuwa yana iya cewa yadin da aka riga aka yanka, ko ɗinkin da aka yi bisa awon mutum, ko turaren wuta da humrar da aka buɗe murfinsu, ba zai karɓe su ba, ko ya ce zai karɓa cikin kwana kaza muddin mai saye zai ɗauki kuɗin mota. Idan kuma ya ga dama ya karɓa don Allah, wannan ita ce iƙala, wato yarda a warware ciniki, da aka kwaɗaitar da mu a kanta a hadisi. Abin da doka ta nema a sashe na 128 shi ne duk sharaɗin da zai rage alhakin mai kaya a jawo hankalin mai saye gare shi a fili, tun kafin ya ƙulla cinikin ko ya biya, a kuma ba shi damar fahimta. Sharaɗin da ka fito da shi bayan kuɗi sun shiga, lokacin da mai saye ya kira yana ƙorafi, ya zo a makare.

Inda rigima ta fi yawa a wurinmu shi ne tsakanin barin kaya hannunka da isarsu hannun mai su. Yawancinmu tasha muke kai kaya, Unguwa Uku ko Naibawa ko Ƙofar Ruwa, mu ba direba, mu tura wa mai saye lambarsa, shi ke nan. To idan ruwan sama ya jiƙa ƙunshin a saman mota, ko aka sauke shi a garin da ba nan ba, ko ya ɓace gaba ɗaya, a wuyan wa asarar take? Na ga zumuncin shekaru ya lalace a kan wannan tambaya, saboda babu wanda ya yi ta kafin mota ta tashi. Abin da na rubuta a nawa sharuɗɗan shi ne, idan ni na zaɓi direba, kaya suna wuyana har su isa tashar garin mai saye, idan kuwa shi ya turo ɗan aikensa ko ya zaɓi motar da yake so, alhakina ya ƙare da zarar na danƙa. Ina kuma ɗaukar bidiyon kayan kafin in ɗaure, in tura masa. Wani yana iya tsara nasa daban, ba laifi, muddin dai mai saye ya sani kafin ya biya, ya kuma san kuɗin motar nawa ne da kwanakin da zai jira.

Haka nan masu karɓar kuɗin mutane da alkawarin yi musu odar kaya daga Sin ko Dubai ko Turkiyya. Wannan ciniki ya yi kama da abin da malamai suke kira salam, wanda Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya tarar mutanen Madina suna yi, ya umarce su da su yi shi da sanannen mudu da sanannen awo zuwa sanannen lokaci. Kalmar nan ta "kaya suna hanya" da ake maimaita wa mutum wata huɗu ba sanannen lokaci ba ce. Ya kamata a rubuta ranar da ake sa ran isowar kaya, da abin da zai faru idan ranar ta wuce, da wanda zai ɗauki ƙarin idan farashin dala ya tashi ko kuɗin kwastan ya ƙaru, da kuma nawa za a cire daga kafin alƙalami idan mai saye ya fasa. Doka ta ba mai saye ikon soke odar da ya bayar, ta kuma ba mai kaya ikon cire kuɗin da bai wuce hankali ba, saboda haka cinye kafin alƙalami gaba ɗaya ba tare da duba ainihin asarar da aka yi ba abu ne da za a iya ƙalubalanta.

Game da sanarwar tsame hannu, akwai wadda take da amfani, kuma ita ce mai ƙara wa mai saye sani. Idan ka ce kalar da ke hoto tana iya ɗan bambanta da ta zahiri saboda hasken waya, ko ka ce wannan takalmi gwanjo ne, ko wayar nan an taɓa amfani da ita kuma an canza mata gilashi, ka fita haƙƙinsa, domin kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wadda ba ta da amfani ita ce wadda ake fakewa da ita. Na fi jin tsoron wannan a wurin masu sayar da maganin gargajiya da kayan mata da man shafawa na haɗi, inda za ka ga an cika shafi da alkawarin warkar da ciwon suga da hawan jini da rashin haihuwa, sannan can ƙasa da ƙananan baƙaƙe a ce mai sayarwa ba shi da alhakin abin da ya sami wanda ya sha. Irin waɗannan kaya suna ƙarƙashin kulawar NAFDAC, wadda aka kafa tun 1993, kuma layi ɗaya na tsame hannu ba ya maye gurbin rajista, ba ya kuma ɗauke alhakin lafiyar mutum daga wuyan wanda ya sayar masa. Ina roƙon 'yan'uwanmu mata da suka fi yawa a wannan sana'a su ji tsoron Allah a kan abin da suke cewa maganinsu yana yi.

Akwai kuma ɓangaren da kusan ba ma tunawa da shi, wato sirrin mai saye. Duk wanda ya saya a wurinka ya ba ka sunansa da lambar wayarsa da adireshin gidansa, wani lokaci har da awon jikin matarsa. A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC, kuma ruhinta shi ne ka karɓi abin da kake buƙata kawai, ka gaya wa mai shi abin da za ka yi da shi, kada ka yi wani abin daban ba da yardarsa ba. Amma dubi abin da muke yi. Muna ɗora hoton rasit ɗin biyan kuɗi a sitatus da cikakken sunan matar aure domin mu nuna ana ciniki, muna jefa mutane cikin zaurukan talla ba tare da mun tambaye su ba, wani kuma idan yana bin mutum bashi sai ya watsa hoton mutumin da hirarsu duniya ta gani. A watan Yulin 2024 hukumar FCCPC ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp da Instagram, tarar dala miliyan 220 a kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya, alhali yana da rundunar lauyoyi da dogayen shafukan sharuɗɗa. Mu ƙanana ba a buƙatar mu rubuta littafi, layi uku sun isa: ga abin da nake karɓa, ga wanda zan ba, wato direba ko mai kai saƙo, kuma duk ranar da ka ce in goge lambarka ko in daina turo maka talla zan yi.

A saman komai ya kamata mai saye ya ga ko kai wane ne. Sunan kasuwancinka, da lambar rajistarsa idan ka yi a hukumar CAC, da unguwa ko kasuwar da za a same ka, da sunan da ke kan asusun da za a biya kuɗi. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 da ya tura kowa ga tiransifa, 'yan damfara suka yawaita ta kowane ɓangare, wasu suna buɗe shafi da hotunan kayanka suna karɓar kuɗin mutane, wasu suna turo wa ɗan kasuwa sanarwar biya ta bogi. Idan ka rubuta cewa asusunka ɗaya ne kuma ga sunansa, sannan ba ka sakin kaya sai ka ga kuɗi a cikin asusu da idonka, ka kare kanka ka kare mai sayenka da jimla guda.

Duk wannan ba zai yi amfani ba idan aka rubuta shi da harshen da mai saye ba ya ji, kuma nan ne zuciyar maganata. Sashe na 114 na dokar kare masu saye ya ce bayanin da za a ba mutum ya kasance cikin harshe mai sauƙi, wanda talaka daga cikin mutanen da aka yi bayanin dominsu zai iya ganewa. Ni a fahimtata, idan waɗanda suke saye a wurinka Hausawa ne, da Hausa kuka yi ciniki, da Hausa ka yabi kayanka, to babu adalci ka koma Turancin lauyoyi a daidai wurin da kake rage musu haƙƙi. Da yawa daga cikin iyayenmu mata da suke saye a wurina ba sa karanta boko, saƙon murya suke turowa. Saboda haka na karanta sharuɗɗana da bakina cikin saƙon murya da bai kai minti biyu ba, ina tura wa duk sabon mai saye tare da rubutaccen kafin in ba shi lambar asusu, kuma ba na ba da lambar sai ya amsa cewa ya ji ya yarda. Wannan amsa tasa ina ajiye ta, domin sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya ba da damar gabatar da irin waɗannan saƙonni a kotu idan an cika ƙa'idojin da ya gindaya, kuma tun 2019 muna da kotunan ƙananan ƙararrakin kuɗi a nan Kano da mutum zai iya zuwa ba sai da lauya ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaida ta sauka, don haka babu ɗan kasuwar da ya kamata ya ji nauyin cewa a rubuta.

Malam Edita, roƙona ga Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta Jihar Kano da ofishin FCCPC shi ne su fitar da samfurin sharuɗɗan ciniki da Hausa, da boko da ajami, wanda bai wuce shafi ɗaya ba, wanda mai sayar da atamfa ko waya ko turare zai ɗauka ya cike gurabensa gwargwadon sana'arsa. Shugabannin Kantin Kwari da Sabon Gari da Singa da kasuwar waya ta Farm Centre suna da hanyar isar da shi ga dubban matasan da suke ɗaukar hoton kayan iyayen gidansu suna tallatawa a waya. Ita kuma wannan jarida, ina roƙon ta ware fili ko da sau ɗaya a wata, ta haɗa lauya da malamin fiƙihu su riƙa amsa tambayoyin masu cinikin intanet, kuma idan aka buɗe wannan fili, tambayar farko da zan aiko ita ce ta kayan da suka lalace a hannun direba tsakanin Kano da garin mai saye.

Na gode da wannan dama. Allah Ya ƙara wa jaridarku ɗaukaka, Ya sa albarka a kasuwancinmu baki ɗaya.

Wassalam.

Naku,
Mai karatunku, ɗan kasuwa daga Fagge, Kano.